Kafin a Kaɗa Ƙararrawar Farko



Dogon hutu ya zo ƙarshe. Masu yadi a Kantin Kwari sun fara ganin ciniki, teloli sun fara kwana a kan keke suna ɗinkin kayan makaranta, masu littattafan rubutu sun baje kolinsu a bakin titi, magidanta kuwa kowa ya shiga lissafi da yatsu. A cikin wannan hada-hada akwai mutum ɗaya da ba a cika tunawa da shi ba, alhali makullin ƙofar yana aljihunsa. Shi ne shugaban makaranta, hedimasta ne a firamare ko firinsifal a sakandare. Sharhin yau a kansa yake, da kuma abin da ya kamata ya yi da kurakuran bara kafin ya buɗe ƙofar bana.

Ranar Alhamis, 7 ga Maris, 2024, yara sun tashi daga taron safe ke nan a makarantar garin Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna, sai 'yan bindiga suka afka musu, suka kora su daji. Kafin rana ta faɗi duniya ta ji cewa yara 287 aka tafi da su, kuma wannan adadi gidajen rediyo suka yi ta maimaitawa har kwana 17. Ranar 24 ga watan aka sanar da cewa an kuɓutar da su a jihar Zamfara. Da aka ƙirga sai ga yara 137, mata 76, maza 61. Hukumomi suka ce ai dama su ke nan. Tsakanin adadin farko da na ƙarshe akwai yara 150 cif, kuma yara ba gero ba ne balle a ce mudun awo ne ya bambanta.

Ba a Kuriga aka fara wannan ruɗani ba. A Jangebe ta jihar Zamfara, ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan sanda sun ce 'yan mata 317 aka ɗauke, da aka sako su bayan kwana huɗu sai aka ga 279. A Dapchi ta jihar Yobe, a Fabrairun 2018, iyaye ne da kansu suka zauna suka rubuta sunayen 'ya'yansu da ba su gani ba, suka tara suna 105, kafin daga baya gwamnatin tarayya ta tsayar da adadi a kan 110. A Chibok kuwa, a Afrilun 2014, da farko sojoji sun ce 'yan mata 129 ne, har suka ce an ceto duka in ban da takwas. Shugabar makarantar ta fito ta ce ba haka ba ne, sojoji suka janye maganarsu, aka ɗauki makonni ana jayayya kafin a tsaya a kan 276. Daga Chibok zuwa Kuriga shekara goma ne, kuma tambayar da aka kasa amsawa a daren farko ita ce aka sake kasa amsawa a wancan safiyar: yara nawa ne suka zo makaranta yau, kuma su wane ne?

Babu mai adalcin da zai ɗora wa shugaban makaranta laifin satar yara. Alli ne a hannunsa, bindiga kuwa tana hannun gwamnati, kuma tsaron rayuka nauyin gwamnati ne. Gaskiya ne kuma cewa idan aka ji harbi yara watsewa suke yi, wasu su faɗa gonaki, wasu su gudu gida, wasu sai bayan kwana biyu su fito daga inda suka ɓuya. A Chibok ma akwai ɗalibai daga wasu makarantu da suka zo rubuta jarrabawa, ga shi an banka wa gine-gine wuta. Duk wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Amma makarantar da ta kira suna da safe, kuma tana da kwafin rajistarta a wani wuri daban, cikin yini ɗaya za ta bi gida gida ta gane wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Wadda ba ta yi haka ba, ta bar uwa tana tsaye a bakin ƙofa tana jin alƙaluma suna hawa suna sauka a rediyo, ta bar masu ceto ba su san yawan waɗanda suke nema ba, ta kuma bai wa masu shakka damar cewa ai ƙarya ce, ba a saci kowa ba. An faɗi wannan mummunar magana bayan Chibok, kuma ta yi wa iyaye ciwo ƙwarai.

Saboda haka aikin farko na shugaban makaranta a sabuwar shekara shi ne rajista, wannan tsohon littafi mai layuka da ake gani kamar ba komai ba. A kira suna da safe, a sake kira bayan an dawo daga tara, domin kowane malami ya san yadda aji ke raguwa da zarar an tashi tara. A makarantar kwana a ƙara da kiran suna kafin kwanciya. A rubuta sunan yaro da na mahaifinsa da unguwarsu da lambar wayar wanda za a nema, domin aji ɗaya kan ɗauki A'isha Muhammad huɗu da Abubakar Sani uku. Sannan a ajiye kwafi a wajen makaranta, ko a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko a gidan dagaci. Yanzu ma abin ya zo da sauƙi, wayar hannu za ta ɗauki hoton shafukan cikin minti biyar.

Akwai wata ɓarna ƙarama da ake yi a ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya, wadda sai bayan shekara goma sha biyu take tashi. Yaya ko maƙwabci ya kawo yarinya, a tambaye shi sunanta ya ce Ladidi ko Mama, a tambaye shi shekarunta ya kimanta da ido, malami ya rubuta. Tun daga 2021 hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, kuma idan sunan da ke katin ya saɓa da na takardun makaranta, sai a ga uba yana zarya tsakanin kotu da ofis yana neman takardar rantsuwa, wani lokacin har lokacin rajistar ya wuce. Tun ran gini tun ran zane. Minti biyu da malami zai ɗauka ya nemi takardar haihuwa ko ya sa a kira uban yarinyar sun isa su hana wannan wahala.

Manya sun yi nasu yunƙurin. A watan Mayun 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, tare da tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown. A Oktoban 2021 Abuja ta karɓi baƙuncin taron ƙasashen duniya kan tsaron makarantu, daga baya kuma gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026. Duk abin so ne, kuma ya kamata a ci gaba da bin sawun kuɗin. Sai dai kiran suna ba ya jiran kasafin kuɗi, yana hannun malamin aji da wanda ke duba aikinsa.

A ƙetara iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, inda darasin ya zo ta hanyar wuta. Ranar 13 ga Afrilu, 2021, gobara ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, ta cinye azuzuwan da aka yi da zana da kara, ta halaka yara kimanin 20, yawancinsu 'yan ƙanana da ba su ma kai shiga aji ɗaya ba. Ƙasa ta yi juyayi, aka yi ta'aziyya, aka yi alkawura. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, irin wannan wuta ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi, yara aƙalla 25 'yan shekara biyar zuwa shida suka rasu. Bayan wannan ne gwamnati ta haramta sanya ƙananan yara a azuzuwan zana.

Kowa ya san abin da ya sa ake kafa rumfar zana: yara sun fi azuzuwa yawa, kuɗin siminti babu. Daraktan makaranta a Maraɗi ko Damagaram ba shi da ikon gina aji da bulo. Amma bayan abin da ya faru a Yamai, kowane darakta yana da ikon ya tsaya ya dubi tasa makarantar da sabon ido. Shin rumfunan a manne suke da juna yadda wuta za ta yi tsalle daga wannan zuwa waccan? Ƙofa nawa kowace take da ita? Su wa aka sa a ciki, manyan da za su iya gudu ko ƙananan da sai an ɗauke su? Ina masu tuyar ƙosai da awara suke hura wutarsu? Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma watanni bakwai ɗin nan lokacin shafa ruwa ne.

A Najeriya ma an ga irin haka. A ƙarshen Nuwambar 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a jihar Kano, ɗalibai bakwai suka rasu. Ranar Juma'a, 12 ga Yuli, 2024, benen makarantar Saint Academy a unguwar Busa Buji ta Jos ya rufta ana tsakiyar damina, yara suna cikin azuzuwa, mutum 22 suka rasu, sama da ɗari suka ji rauni. Gini ba ya faɗuwa bai yi gargaɗi ba. Bango kan tsage, silin kan yi ciki, ƙofa kan fara ƙin rufuwa, kwano kan fara ɗiga a wurin da bai saba ba, gara kan cinye katakon rufi a ɓoye. Duk wanda ya zagaya da niyyar gani zai gani.

Wannan zagaye shi ne aiki na biyu, kuma mako biyu kafin a dawo ya kamata a yi shi. Shugaba ya ɗauki mataimakinsa da maigadi da wani magini ko kafinta daga cikin iyayen yara, su shiga aji aji. Maigadi musamman, domin shi ne ya kwana a wurin duk tsawon hutu, ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san inda katanga ta zube, ya san inda macizai suka samu mafaka a cikin ciyawa. A duba masai, domin ramin da damina ta jiƙa yana iya burmawa da yaro. A duba rijiya ko tana da murfi. A ɗakin kwana a duba wayoyin lantarki, a duba tagogin da aka toshe da ƙarfe, a tambayi wanda ke riƙe da makulli da dare da inda yake kwana. Ajin da aka ga ba a yarda da shi ba a rufe shi, a rubuta wa hukuma takarda mai kwanan wata, a ajiye kwafi. Yara su yi karatu a gindin darbejiya ya fi su zauna a ƙarƙashin rufin da ake shakka.

Ruwa ma yana da tasa rawar a wannan lokaci, tunda komawa makaranta tana faɗowa ne a ƙarshen damina. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri daidai lokacin da aka koma karatu, aka sake rufe makarantu, wasu suka zama matsugunin waɗanda ambaliya ta kora. A Nijar ma a shekarar ta 2024, saboda ambaliya sai da aka ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan. Shugaban da makarantarsa ke kwari ya san ruwa zai sake zuwa, don haka takardun sakamakon yara da rajista ba su da wurin zama a ƙasan kabad.

Sai kuma kuskuren da aka saba da shi har aka daina ganin sa kuskure ne, wato asarar makon farko. Ranar Litinin yara ƙalilan su zo da tsintsiya da fartanya. Talata a ci gaba da shara da nome ciyawa. Laraba a ce ba a gama jadawalin darussa ba. Malamai wasu ba su dawo daga ƙauye ba, wasu sun zo sun sa hannu sun fita. Iyaye kuma sun daɗe da gane cewa ba a karatu a makon farko, sai su riƙe yara a gona, tunda lokacin ya zo daidai da fara girbin gero da cirar gyaɗa. Malami ya ce yara ba su zo ba, uba ya ce malamai ba su fara ba, kowa yana jiran kowa.

A yi lissafi. Zangon karatu uku ne a shekara, kowanne makonni 12 zuwa 14. Idan mako ɗaya ya salwanta a farkon kowane zango, makonni uku ke nan a shekara, makonni 18 a shekara shida ta firamare, wato fiye da zango guda cur. Idan makonni biyu ne, kamar yadda ake gani a wurare da dama, an kai makonni 36, kusan shekarar karatu ɗungurungum. Yaron da ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, a cikin waɗannan makonni aka sace masa wani ɓangare na karatunsa.

Maganin ba ya buƙatar ko sisi. Taron malamai a yi shi a makon ƙarshe na hutu, a raba azuzuwa, a fitar da jadawali a liƙa a bango, shara a yi ta ranar Asabar da taimakon mutanen unguwa. Liman ya yi sanarwa a masallacin Juma'a, fasto ya yi a coci, mai unguwa ya sa a yi shela cewa ranar Litinin darasi za a fara da ƙarfe takwas. Sannan a cika alkawarin, ko da yara goma ne suka zo. Yaran nan goma su ne za su kai labari gida cewa an yi rubutu a allo, kuma ranar Talata za a ga bambanci. Sharaɗin kawai shi ne shugaba ya riga kowa isowa, domin malamin da ya tarar da hedimasta a bakin ƙofa da littafin sa hannu ba ya buƙatar wa'azi a kan latti.

Wani lokacin kuma yawa ne ke zuwa ba a shirya ba. A Janairun 2016 jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, kuma gwamnatin jihar ta ce yawan ɗalibai ya tashi daga miliyan 1.1 zuwa miliyan 2.1. Abin farin ciki ne a ga yara sun cika makaranta, amma azuzuwa da benci da malamai ba su ninka ba, kuma an yi ta ba da labarin yaran da ke zuwa da kwano su ci su tafi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Rigasa ko cikin birnin Kano ya san ana samun ninkin haka sau uku a aji guda. Shugaba ba zai ƙirƙiro malamai ba, amma shi ke raba waɗanda yake da su, kuma a nan ake yin wani kuskuren na gado: a ɗauki malamin da ya fi kowa ƙwarewa a kai shi aji shida saboda jarrabawa, a bar wa 'yan aji ɗaya da biyu sabon shiga ko wanda ya gaji. A aji ɗaya zuwa uku ne yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali. Wanda ya wuce nan bai iya ba, malamin aji shida komai iyawarsa gyaran gangar auzinawa zai yi ta yi.

Maganar kuɗi kuwa ita ce ta fi saurin ɓata shugaba da iyaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Amma alli yana ƙarewa, tsintsiya tana ƙarewa, famfo yana lalacewa, abin da ake turo wa makaranta kuma ko ya makara ko bai zo ba. Sai a shiga karɓar ɗari biyu, ɗari biyar, ba rasit, ba bayani. Ko da shugaba bai ci ko kwabo ba, zargi ya riga ya shiga. An kafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda ake kira SBMC, domin irin wannan: a cikinsu akwai mai unguwa ko wakilinsa, da malaman addini, da wakilan mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da ɗaliban kansu. A wasu makarantu kwamitin suna ne kawai a takarda, ba a tuna shi sai za a sa hannu a karɓi tallafi. Shugaban da ya kira su kafin a dawo, ya zagaya da su suka ga rufin da idonsu, ya karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita bara, ya samu abokan ɗaukar kaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To me ya sa ake maimaita kuskure ɗaya shekara da shekaru? Babban dalili shi ne tsoro. Malami yana ɓoye wa hedimasta, hedimasta yana ɓoye wa sakataren ilimi, shi kuma yana ɓoye wa hukumar jiha, domin wanda ya ce an samu matsala shi ake fara tuhuma, wata rana ma a wayi gari an yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu mota. Idan jami'an duba makarantu za su zo, a share fili, a aro benci, a cike rajistar makonni uku a dare ɗaya. Rahoto ya tafi sama fes, matsala ta zauna a ƙasa tana girma.

A shekarar 2025 an ga wani abu da ba a saba gani ba. Bayan sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, koke ya yi yawa, sai shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tara 'yan jarida ranar 14 ga Mayu, ya ce kuskure ne daga ɓangarensu, ya ɗauki alhakin, ya nemi gafara har da hawaye. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas aka ba damar sake rubutawa. A watan Agusta ita ma hukumar jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ta janye sakamakon da ta fitar, ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin waɗanda suka samu darussa biyar har da Turanci da Lissafi ya tashi daga kashi 38.32 zuwa kashi 62.96 cikin ɗari. Neman gafara bai goge baƙin cikin da yara da iyayensu suka shiga ba, kuma masu cewa bai kamata a yi kuskuren ba tun farko suna da gaskiya. Amma da shugabannin nan sun dage a kan cewa komai daidai ne, da dubban ɗaruruwan yara sun tafi da sakamakon da ba nasu ba har abada. Hedimastan da ya tsaya a gaban malamansa ya ce, “Bara ni na jinkirta jadawali, bana ba zan sake ba,” ya buɗe wa kowa baki. Malamar aji biyu za ta iya cewa rabin ajinta ba su iya karatu ba, ba tare da fargabar za a ce ita ce ba ta iya aiki ba.

Sai dai furtawa kaɗai ba ta isa, sai an rubuta. A Oktoban 1935, a filin jirgin Wright da ke jihar Ohayo ta Amurka, wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, mutum biyu suka mutu, ciki har da matuƙin, wanda ƙwararre ne. Bincike ya nuna an manta a sake wani makulli guda kafin a tashi. Abokan aikinsa ba su ce a nemo wanda ya fi shi iyawa ba. Sun rubuta 'yar gajeriyar takarda ta abubuwan da dole a duba ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi, kuma har yau babu matuƙin da ke tashi bai bi irinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ari wannan dabara ta yi wa likitocin tiyata takarda mai tambayoyi 19, aka gwada a asibitoci takwas, ciki har da ɗaya a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata suka ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Shugaban makaranta mai yara dubu da malamai ashirin ya fi ƙarfin ya riƙe komai a ka.

Abin lura shi ne makarantunmu sun daɗe da irin wannan littafi. Tsofaffin malamai suna kiran sa logbuk, kuma hedimastocin da ba sa wasa da shi. A ciki ake rubuta ranar da iska ta yaye rufin aji uku, ranar da ƙyanda ko sanƙarau ya shigo, ranar da sufeto ya zo da abin da ya ce, ranar da aka tashi yara da wuri da dalilin tashin. A yau a makarantu da yawa yana kulle a kabad, ana ciro shi ne idan baƙo ya zo. Idan aka canja shugaba, sabon yakan gaji makulli da hatimi da kujera, amma abin da na baya ya koya cikin shekara biyar ya tafi da shi a kansa. Sabon sai ya sake faɗawa ramin da na baya ya faɗa: ya sake bai wa ɗan kwangilar da ya yi aikin banza gyaran famfo, ya sake sa 'yan aji ɗaya a ɗakin da ruwa ke shiga, ya sake sanya taron iyaye ranar kasuwar garin.

Shafi biyu sun wadatar. A taron malamai na makon ƙarshe na hutu, a buɗe logbuk, a tambayi kowa, tun daga mataimaki har maigadi da mai shara, abin da ya lalace bara da abin da ya jawo shi, ba tare da neman wanda za a kama ba. A rubuta, a sa sunan wanda zai gyara da ranar da za a duba. A farkon zango na biyu a sake buɗe shafin a karanta a gaban kowa.

Kira na ƙarshe ga sakatarorin ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB: shugaban da ya rubuto muku cewa bangonsa ya tsage ko malamansa ba su isa ba, ku amsa masa takardarsa, kada ku mayar da shi mai laifi. Ku kuma iyaye, ranar da za a koma, kada a tura yaro shi kaɗai ko a haɗa shi da yayansa. Uba ko uwa su raka shi har ofis, su ga an rubuta sunansa daidai, su bar lambar waya, su leƙa ajin da zai zauna su ɗaga kai su dubi rufin.